Lalle a Sunna da a magani: ina ya tsaya, kuma wane lalle ake nufi?

Wata baiwar Allah daga Tawa, a Jamhuriyar Nijar, ta aiko da tambaya. Mahaifinta mai ciwon suga ne, ya taka ƙaya, wurin ya zama gyambo, kullum sai ya kwaɓa lalle ya ɗaura, ya ce haka Annabi yake yi, don haka babu inda za shi. Ga kuma bikin ɗiyarta ya matso, ƙawayen amarya sun dage sai baƙin lalle. Tana son sanin matsayin lalle a addini da kuma gaskiyar maganin da ake cewa yana yi.

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ya kuma kai mu bikin lafiya. Da maganar Baba zan fara, don ita ce ba ta jira.

Hadisin da yake riƙe da shi yana nan a littattafai. Salma, wadda ake wa alkunya da Ummu Rafi', mai hidima a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ba da labarin cewa idan ya ji rauni ko ƙaya ta soke shi, yakan sa a ɗora lalle a wurin. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito shi. A wajen Abu Dawud kuma, ita dai Salma ta ce wanda ya kawo kukan ciwon kai yakan ce masa ya yi ƙaho, wanda ya kawo kukan ciwon ƙafafu ya ce masa ya sa musu lalle. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin, wato jerin mutanen da suka ruwaito shi, wasu sun kyautata shi, wasu sun ga rauni a cikinsa, amma dai magana ce mai asali. Saboda haka kada ki je wa Baba da cewa abin da yake yi camfi ne. In kika faɗi haka kin rufe ƙofa, kuma ba ki faɗi daidai ba.

Abin da za a nuna masa shi ne, shi kansa Manzon Allah (SAW) ba kowane rauni yake sa wa lalle ba. Ranar Uhudu, da aka ji masa ciwo a fuska jini ya ƙi tsayawa, Nana Faɗima guntun tabarma ta ƙona ta manna tokar a wurin, sannan jinin ya tsaya. Wannan yana cikin Bukhari. Da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, tanti aka kafa masa a masallaci ana jinyarsa kusa da Annabi, kuma masu tarihi sun ambaci Rufaida, matar da ta ƙware wajen kula da masu rauni. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa kowace cuta tana da magani, idan maganin ya dace da cutar sai a warke da izinin Allah. Dubi sharaɗin nan: sai ya dace. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, kuma daga littafinsa Zadul Ma'ad yawancin masu maganin Musulunci na yau suke ɗebo bayani, da ya zo kan maganin ciwon kai da lalle cewa ya yi wannan na wani nau'in ciwon kai ne, wanda zafi ya kawo, ba na dukkan ciwon kai ba. Har ma ya ce akwai abin dubawa a ingancin riwayar shafa lalle a ka. Malamin da ya yabi lalle sosai ke nan yake sa masa iyaka.

To ƙafar mai ciwon suga daban take da ta mai lafiya. Suga idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, ya kuma rage gudun jini zuwa yatsu. Sai mutum ya ga ciwo ƙarami a sama, ba ya jin komai, alhali ƙwayoyin cuta suna ci ta ƙasa har su kai ga ƙashi. Garin lallen kasuwa kuwa a ƙasa aka shanya ganyensa, a turmi ko inji aka niƙa, ƙura ta hau shi a faranti. Zuba shi cikin buɗaɗɗen ciwo yana iya shigar da ƙwayoyin cuta, har da na cutar sarƙe haƙora. Akwai kuma wata ɓarnar da mutane ba sa lura da ita. Mu ma'aikatan lafiya da launi muke karanta ciwo: jan nama mai rai, fari mai ruwa, baƙi wanda ya mutu, da jan da ke bazuwa a gefe yana hawa sama. Lalle yana rine duk wannan ya zama launi guda, ya busar da saman ya yi ɓawo, iyali su ce ai ya kama hanyar warkewa, mugunya tana tare a ciki. Ƙafafu da yawa ta wannan hanya suke kaiwa ga yankewa.

Don haka a wanke lallen da ruwa mai tsabta, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti, a auna sugansa, a duba ko yana buƙatar allurar sarƙe haƙora. In akwai wari, ko kumburi, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi, to yau ɗin nan, kada a kwana. Kuma shawarata, ba ke za ki tsaya gabansa kina kawo hujja ba. Dattijo ba ya son ɗiyarsa ta ci shi da ilimi. Ki samu limamin unguwarku ko wani amininsa da suke zama tare, ki ba shi labarin Uhudu ɗin nan, shi ya je ya ce masa su tafi tare.

Yanzu ga shi lallen kansa. Itace ne mai son zafi, kin san shi a garake da bayan gidaje, mai ƙananan ganye da farin fure mai ƙamshi. A cikin ganyen akwai wani sinadari da masana ke kira lawson, shi ne yake kama furotin ɗin da ke saman fata da farce da gashi ya riƙe. Shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa, inda fata ta fi kauri, suka fi kama ja, bayan hannu kuma ya fito da haske. Shi ya sa kuma ƙunshi yake fita a mako biyu zuwa uku, saboda fatar sama tana saɓulewa a hankali, amma na farce yana nan sai farcen ya tsiro an yanke, wanda kan ɗauki watanni. Idan aka cire shi da fari ruwan lemo yake, sai bayan kwana biyu ya nuna sosai. Ki riƙe wannan, za mu buƙace shi a maganar amarya.

Amfaninsa na gaske akwai shi. Kwaɓaɓɓen lalle yana sanyaya fata yayin da ruwansa ke bushewa, kuma duk wanda ya yi watan Afrilu a ƙasar Adar, yankin Tawa, ya san darajar abin da zai sanyaya tafin ƙafa. Yana ɗaure fata, ya rage gumi da damshi, shi ya sa yake taimaka wa mai ƙaiƙayin tsakanin yatsu da mai yawan aikin ruwa. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana hana wasu ƙwayoyin cuta da wasu nau'o'in gansakukar fata yaɗuwa. An kuma yi ƴan ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane, misali masu shan wani maganin ciwon daji da ke sa tafin hannu da ƙafa raɗaɗi, aka ga alamun sauƙi. A kai yana ƙarfafa silin gashi, wasu kuma suna samun sauƙin amosanin kai. Wannan shi ne iyakarsa a abin da aka tabbatar: fata lafiyayya wadda ba ta buɗe ba, da ƙananan damuwoyi na sama. Ƙuna da wuta, da Ibnul Ƙayyim ya lissafa cikin amfaninsa bisa ilimin likitocin zamaninsa, yau mun san abin da ya fi: a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a rufe, a tafi asibiti ba tare da an shafa komai ba.

Shan ruwan lalle kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Babu hadisi ingantacce da ya ce a sha. Labaran da ke cikin tsofaffin littattafai na wanda ya jiƙa ya sha ya warke, gwajin mutane ne, ba wahayi ba. Sinadarin nan yana iya fasa jini ya taɓa ƙoda, kuma a ƙasashenmu an daɗe da sanin saiwar lalle cikin abubuwan da ke zubar da ciki. Mai juna biyu ta yi nesa da shansa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma wajibi ne in faɗa, tunda gidan biki gidan yara ne. Wasu mutane ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiransa G6PD. Gado ne, ya fi bayyana a ƴaƴa maza, kuma yana da yawa a Afirka ta Yamma da ƙasashen Larabawa. Yawanci mai shi bai ma sani ba. Jaririn da ke da wannan, in aka shafe masa jiki ko kai da lalle, sinadarin yana ratsa siririyar fatarsa ya fasa masa jini. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai a ga ido ya yi ɗorawa, jiki ya yi fari, fitsari ya yi duhu, ya kasa shan nono. Likitocin yara a Kuwait da Daular Larabawa da Turkiyya sun rubuta irin wannan, wasu yaran sai da aka yi musu ƙarin jini, an kuma rasa rai. Wannan jan lalle ne tsantsa, ba gauraye ba. Saboda haka jariri ba a sa masa lalle, ko don ƙurajen zafi, ko don kwalliyar suna, balle a cibiya. Ƙananan yara ma a taƙaita, ɗan ɗigo a tafin hannu ya isa ranar Salla. Yaron da aka taɓa cewa jininsa na fashewa, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, a bar shi haka nan. Mai ciki da ta kusa haihuwa ita ma, in za ta yi ƙunshin tarbar baƙo, ta bar farce biyu ko uku da bayan hannu ba lalle, domin ta nan ungozoma ke gane ƙarancin jini, ta nan kuma ake neman jijiyar ƙarin ruwa.

A ɓangaren ado, nassoshin sun fi ƙarfi a kan rina furfura. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira umarnin a rina a saɓa wa Yahudu da Nasara. Abu Zarri ya ruwaito cewa mafi kyawun abin da ake sauya furfura da shi shi ne lalle da katam, wani tsiro ne da ke sa jan ya yi duhu. Anas ya ce Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da katam, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla. Ranar buɗe Makka, da aka kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a sauya masa amma a nisanci baƙi. Game da shi kansa Annabi, Ummu Salama ta fito da wasu gashinsa rinannu ta nuna wa mutane, Anas kuma ya ce furfurarsa ba ta kai yawan da za a rina ba, shi ya sa malamai suka saɓa. A Risala, da yawancinmu muka karanta a zaure, Ibnu Abi Zaid ya ce an karhanta rina gashi da baƙi ba tare da haramtawa ba, kuma babu laifi a rina da lalle da katam. Ga hanyar da Baba zai ci gaba da riƙe Sunnar lalle ba tare da ya cutar da ƙafarsa ba: ya sa wa gemunsa.

Ga mata, ƙunshin hannu da ƙafa ado ne halattacce, musamman mai aure don mijinta. Abu Dawud da Nasa'i sun kawo daga Nana A'isha labarin matar da ta miƙo wasiƙa ta bayan labule, Annabi ya ce bai san hannun namiji ne ko na mace ba, ya ce da ta sauya farcenta da lalle. An yi magana kan isnadinsa, amma aikin matan sahabbai ya isa shaida. Namiji kuwa malamai da yawa sun hana shi ƙunshi a hannu da ƙafa don ado, saboda kamanceceniya da mata, sai in don magani. A nan al'adar sa wa ango lalle take shiga, kuma ni dai ina ganin barinta ya fi.

Alwala da wanka suna inganta a kan launin lalle, domin launi ba ya tare ruwa. Abin da ke tarewa shi ne kwaɓin da bai fita ba, da jan farcen kanti, da irin zanen da ke bushewa ya zama kamar leda ana ɓare shi. Mai ƙunshi ta lura da lokaci, kada ta naɗe hannu da ƙafa ba alwala ta kwana a kan Isha'i da Asuba. Mai haila tana iya ƙunshi. Mai azumi ma haka a hannu da ƙafa, amma na kai ta bari sai dare, don malaman Malikiyya sun tattauna batun ɗanɗanonsa in ya sauko maƙogwaro. Mai takaba ba ta sa lalle har ta cika wata huɗu da kwana goma, hadisin Ummu Salama ya ambace shi tare da tozali da kayan ado. Mai harama da hajji ko umra, a mazhabarmu, ita ma ba ta sawa, in ta sa mai yawa akwai fidiya.

Ranar sa lalle ta biki kuwa al'ada ce, ba ibada ba. Kyakkyawar al'ada ce in an tsare ta daga cakuɗuwa da ɓarnar dukiya. Iyayenmu mata sun yi ta da daka ganye a turmi, a naɗe ƙafa da tsumma, a zura hannu a zunguru a kwana, gwaggo da inna suna zaune suna yi wa yarinya faɗan zaman aure. Mu da Buzaye da Fulani da Larabawan arewacin jihar Tawa duk mun haɗu a kanta. Abin da ba shi da tushe shi ne cewa lalle yana korar aljanu ko maita daga amarya, ko cewa aure bai cika ba sai da shi.

Sai baƙin lalle. Hajiya, ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Duk yadda aka kwaɓa shi, daga ruwan lemo zuwa ja mai duhu yake tsayawa. Abin da ke cikin ƴan kwalabe da ƙullin leda, wanda ake zanawa ya kama baƙi ƙirin cikin rabin awa, yawanci sinadarin rina gashi ne mai suna PPD, wani lokaci ko ƙwayar lalle babu a ciki. Ko a ƙasashen da aka yarda a sa shi cikin man rina gashi, kaɗan ake sawa bisa ƙa'ida, ba a kuma yarda a zana shi a fata ba. A kasuwa kuwa babu mai auna yawansa. Wasu masu ƙunshin har kananzir ko fetur suke ɗigawa don ya yi saurin kamawa.

Yadda yake cutarwa shi ne abin da ya kamata ƙawayen amarya su ji. Karon farko yana iya wucewa lafiya, ko kuma sai bayan mako ɗaya zuwa biyu wurin ya fara ƙaiƙayi, ya yi ja, ya kumbura, ya ɗuri ruwa daidai bisa layin zanen. Ki lissafa da kanki: ƙunshi ranar Alhamis, ɗaurin aure Asabar, ke nan a kwanakinta na farko a ɗakin miji abin zai tashi. In ya warke yakan bar tabo mai siffar furen da aka zana, fari ko baƙi, wani ya yi tudu, ya daɗe. Jikin da ya riga ya tsani sinadarin kuma ba ya mantawa har abada. Duk ranar da ta sake haɗuwa da shi, ko a man rina gashi, cikin kwana ɗaya ko biyu zai tashi fiye da na farko, har fuska da fatar ido su kumbura. Wadda ta ce ai ta sha yi ba abin da ya same ta, gaskiya ta faɗa, amma kowane karo ƙara kusantar da ita yake. Garin neman gira ake rasa ido. In kuma yaro ya samu kwalbar ya sha, harshe da maƙogwaro suna kumbura su toshe numfashi, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya. Asibitocin Sudan da Maroko sun ga mace-mace da yawa ta wannan hanya. Ba za a jingina wannan abu ga Sunna ba don kawai an kira shi lalle.

Ɗaya hanyar da ake bi, ta shafa farin garin nan mai warin da ke hawa kai, gauraye da toka, a kan jan lalle bayan an cire don ya koma baƙi, ita daban ce da PPD, amma tana ƙona fata mai faso ko tsagewa, tana kuma yaji a ido. Kada a yi ta a rufaffen ɗaki, kada a bar ta ta daɗe.

Ga abin da za ki yi wa ɗiyarki. Ki sayi busasshen ganye ki sa a daka a gida, ko gari daga hannun wanda kika yarda da shi. Na kirki kore ne mai ƙamshin ciyawa, in ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, ba zai kama ba. A tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi sau biyu don ya bi ta bakin leda in zane ake so. A kwaɓa da ruwan lemon tsami ko ruwan shayi mai kauri da ɗan sukari, a rufe a ajiye wasu awanni a inuwa har samansa ya yi duhu. A ɗiga kaɗan a cikin damtsenta kwana biyu kafin nan a ga yadda fatarta za ta karɓa. Ranar ƙunshi a bar shi a jiki awa shida ko a kwana da shi, a kankare ba tare da sabulu ba, a shafa man kaɗanya, ta rage taɓa ruwa ranar farko. A yi shi kwana biyu ko uku kafin ɗaurin aure, don ranar da za a kai ta ya zama ya nuna. Ki zauna da mai ƙunshin tun kafin ranar, ki ce mata da kayanki za ta yi aiki, kuma duk abin da ta fito da shi daga jakarta wanda ya yi baƙi tun yana cikin leda, ko yake warin mai, ta mayar. In wata cikin ƙawayen ta riga ta yi baƙin a wani wuri ta fara jin ƙaiƙayi, ta wanke da ruwa da sabulu, kada ta fasa ƙurajen, ta je a duba ta. In kuma leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, a ɗauke ta zuwa asibiti nan take, a tafi da kwalbar don likita ya ga abin da aka sa mata.